Baƙin ruwan juji da maganin da aka kawo muku talla: amsa ga wani ma'aikacin tsafta a yankin Garwa

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mai aikin tsaftar gari a wata ƙaramar hukuma kusa da Garwa. Ya ce jujin garinsu ya haura shekara 15 ana zuba masa shara, kuma duk damina wani baƙin ruwa mai kamar shayin da ya kwana a wuta yana tsattsafowa daga gindinsa, ya bi kwari ya nufi lambunan mutane. Sun haƙa tafki sun tare shi wata da watanni, warin ya ragu amma baƙin yana nan daram. Ya kai ruwan ɗakin gwaji, takarda ta fito da DCO 3,000, DBO5 240, amoniya 900, duka miligiram a lita, sai pH, wato ma'aunin tsamin ruwa (ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kanwa-kanwa), 8.2. Yanzu wani ɗan kasuwa ya zo musu da tallar ruwan oksijene da gishirin ƙarfe, ya ce da zarar an zuba a tafkin ruwan zai washe. Yana son ya san ko gaskiya ne, kuma ko su saya.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa aikinka albarka. Kai ruwan nan gwaji da ka yi tun kafin a fitar da ko dala ɗaya, shi ne abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙarka.

Abin da mutumin ya kawo muku yana da asali. Sunansa hanyar Fenton, kuma tana aiki a kan irin ruwanku. Amma in kuka saya yau kuka tuttula a tafkin nan yadda yake, kuɗin zai bi iska. Za ku ga kumfa ta taso, ku ga jan ƙasa-ƙasa ya kwanta, bayan kwana biyu ruwan ya koma gidan jiya. Maganin yana da gurbinsa a cikin jerin aikin, kuma gurbin nan can kusa da ƙarshe yake.

Bari mu karanta takardarka tare. DCO yana gaya maka yawan iskar oksijin da za a buƙata a ƙone duk dattin da ya narke a ruwan, mai taushi da mai tauri. DBO5 kuwa yana gaya maka abin da ƙananan halittun da ido ba ya gani suka iya ci a cikin kwana biyar. Raba na biyun da na farkon: 240 a kan 3,000 ya ba ka 0.08. Ke nan cikin kashi ɗari na dattin, kashi takwas kacal ne abinci a wurinsu. Sabon juji, wanda bai kai shekara biyar ba, ruwansa tsami gare shi, pH ƙasa da 6.5, DCO ɗinsa yakan haura 10,000, amma rabon nan yakan wuce 0.3, har ya kai rabi. Irin wannan duk da muninsa sauƙi gare shi, tafki da iska da haƙuri sun ishe shi. Tsohon juji irin naku ya riga ya ci mai daɗin ya bar ƙashi. Shi ya sa tafkinku ya kashe wari ya kasa kashe baƙi. Tafkin bai gaza ba, iyakar abin da zai iya ke nan.

Mene ne ƙashin? Mafi yawansa abin da ake kira asid humik da asid fulbik ne, manyan ƙulle-ƙullen sinadarai da ke saura bayan ganye da bawo da takarda da kashin dabbobi sun gama ruɓewa. Su ne ke ba baƙar ƙasar tsohon juji launinta, wadda manoma ke ɗiba da amalanke su kai gona. Su kansu ba su ne mugun dafi ba. Illarsu ita ce suna goya wasu: darma daga batir, sauran ƙarafa masu nauyi, da ragowar magunguna, su riƙe su a narke su yi tafiya da su cikin ƙasa. Ga kuma abin da garuruwanmu ke zubarwa. Mu ƙasar auduga ce, galan-galan na maganin ƙwari da ba a ɗauraye ba yakan ƙare a juji. Akwai ruwan rini, baƙin mai na gareji, magungunan da wa'adinsu ya ƙare, da abin da leda da roba ke saki in sun sha rana. Kamaru ta hana siririyar leda tun 2014, Njamena ta matsa a kan tata dokar tun 2010, amma wanda ya tona juji ya san leda ba ta ji wannan labari ba. Yawancin waɗannan abubuwa ƙirarsu zobe-zobe ce a rufe, wasu an liƙa musu kulorin, haƙorin ƙananan halittu ba ya kama su.

To a nan sinadari ke shigowa. Ka fasa goro ka ajiye, ka ga farinsa ya rine. Ka bar fartanya a raɓa ta yi tsatsa. Wannan duka ƙonewa ce ba tare da harshen wuta ba, oksijin ne ke cin abu a hankali. Abin da muke so shi ne irin wannan ƙonewa amma mai zafin nama, a cikin ruwa. Mai yin aikin wani ɗan guntu ne da ake kira hidroksil: oksijin ɗaya da haidurojin ɗaya, an raba shi da abokin zamansa, saboda haka duk abin da ya taɓa sai ya fizge masa wani abu. In an auna ƙarfin fizgarsa, yana da bolt 2.8. Ozon, wani nau'in iskar oksijin mai kaifi, yana da 2.07, ruwan oksijene shi kaɗai 1.78, kulorin 1.36. Ba ya zaɓe, ba ya kuma daɗewa, kafin ƙiftawar ido ya mutu. Ba a iya sa shi a kwalba a sayar. Dole a haife shi a cikin ruwan da ake son ya yi wa aiki, kuma duk dabarun da za ka ji ana ambata, Fenton ne, ozon ne, fitilar UV mai hasken da ido ba ya gani ce, lantarki ne, hanyoyin haihuwarsa ne kawai.

Henry Fenton, wani masanin sinadarai a Ingila, shi ya bayyana a 1894 cewa ɗan gishirin ƙarfe kaɗan yana sa ruwan oksijene ya cinye asid tartarik, asid ɗin da ke ba tsamiya tsaminta. Sai a 1934 Haber da Weiss suka yi bayanin cewa hidroksil ne ke aikin. Kayan haɗin ba baƙi ba ne a wurinmu. Ruwan oksijene shi ne wanda ke kumfa a kan miki a asibiti. Gishirin ƙarfen, sulfat na ƙarfe, koren gari ne, shi ne a cikin ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu. In suka haɗu, ƙarfen ya tsaga ruwan oksijene gida biyu, rabi guda ya zama hidroksil. Ƙarfen ya sauya kama, sannan a hankali ya dawo ya sake tsaga wani. Ba wutar lantarki mai yawa, ba injin da sai an kira Bature ya gyara. Dalilin da nake ganin ta fi dacewa da mu ke nan a kan sauran.

Amma tana da sharaɗi ɗaya da ɗan kasuwar bai faɗa muku ba, wataƙila shi ma ba a faɗa masa ba. Sai ruwa ya yi tsami, pH wajen 3. In ya haura 4 zuwa 5 ƙarfen zai fara fita daga ruwan ya zama tsatsa ya kwanta, ruwan oksijene kuma ya watse ya zama ruwa da iska a banza. Naku 8.2 ne. Kuma saukar da shi ba wasa ba ne, domin tsohon ruwan juji cike yake da baikabonet, ɗan'uwan kanwar nan da ake kawowa daga Kanem da bakin tafkin Cadi. Ka san abin da ke faruwa in an zuba ruwan tsamiya a kan jiƙaƙƙiyar kanwa. Ranar da na fara gwada wannan aiki a kan ruwan wani tsohon juji, a bokitin roba na lita ashirin, na zuba asid a tashi ɗaya. Kumfa mai ruwan ƙasa ta taso kamar kunun da ya sha wuta, ta zubo ta gefe ta malale siminti, ga wani warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin, sai da muka buɗe ƙofa da tagogi muka fita. Da ta lafa na sa ma'auni, pH bai ko sauka ƙasa da 6 ba. Kanwar cikin ruwan ta shanye asid ɗin. Tun daga ranar na san cewa a lissafin Fenton, kuɗin asid yakan ba mutum mamaki fiye da kuɗin maganin da aka yi masa talla. Warin ƙwan nan kuma ka riƙe shi da kyau, iskar salfaid ce, tana kisa, kuma in ta yi yawa hanci yakan daina jin ta. Ba a zuba asid a wannan ruwa a rufaffen ɗaki, ba a kuma leƙa tankin.

Baikabonet ɗin ma ko ba don pH ba maƙiyin hidroksil ne, yana tare shi ya kashe shi kafin ya kai ga dattin. Saukar da pH yana kore shi ya fita a matsayin iska, kumfar da na gani ke nan. Jifa ɗaya tsuntsu biyu, amma jifar da tsada.

Yanzu mu yi lissafi, don shi ne zai yi maka magana a gaban shugabanninka. A ƙa'ida, kowane giram ɗaya na DCO yana cin giram 2.125 na tsantsar ruwan oksijene in ana so a ƙone shi ƙurmus. Ɗauki tankar ruwa ɗaya mai lita 10,000. A DCO 3,000 akwai kilo 30 na datti a ciki, ke nan kilo 64 na tsantsar magani. Na masana'antu mai ƙarfin kashi 50, lita ɗaya tana ɗauke da wajen giram 600, ke nan lita 107, rabin duro da ɗoriya, a tanka ɗaya tak. In da na kantin magani ne mai kashi 3, sai ka nemi fiye da lita 2,000. Gishirin ƙarfe kuma, in an yi awon ƙwaya ɗaya ta ƙarfe ga ƙwaya biyar na maganin, zai kai kilo 100, buhu biyu. Ba mu sa asid ba, ba mu sa farar ƙasa ta mayar da pH ba, ba mu sa kuɗin mota ba. Kayan nan daga Duwala za su taso, jirgin ƙasa ya sauke su a Ngaundere, mota ta gangaro da su Garwa. Na Marwa da Kusuri da Njamena tafiyarsu ta fi haka. Sannan ka tambayi kanka tanka nawa ke fita daga jujinku a watan Agusta kaɗai.

Wannan lissafi shi ya sa na ce kada ku nemi sinadari ya cinye dattin. Ku neme shi ya farfasa kawai. Hidroksil yana fara aiki ne da tsinka zobban nan, kuma wannan matakin farko shi ne mai arha. Abin da ke biyo baya ƙananan asid ne: irin na binega, irin na alayyafo, irin na cizon tururuwa. Waɗannan su ne suka fi yi wa Fenton taurin kai, sai ka yi ta zuba magani DCO ya ƙi motsi. Amma a wurin ƙananan halittu tuwo ne da miya. Mace mai hankali ba ta daka hatsi har ya zama ƙura, in ya kai yadda tukunya za ta karɓa sai ta ajiye taɓarya. Ma'aunin nasararka a nan shi ne rabon nan na 0.08 ya tashi ya kai 0.3 ko 0.4. Da ya kai, tsaya, mayar da ruwan ga masu ci kyauta. In kun fara rage DCO zuwa rabi ta hanyoyi masu arha, sannan kuka zuba rabin awon ƙa'ida, lita 107 ɗin nan ta koma wajen 27.

Akwai abubuwan da ba za ta yi muku ba ko kun zuba duro goma, gara ka sani tun yanzu. Amoniyarku 900 za ta shiga ta fito yadda take, hidroksil ba ya kama ta a ruwa mai tsami, alhali ita ce ke kashe kifi in ruwan ya kai mayo, wato kogi, ita ce kuma ke zama nitrat a rijiya. Gishiri ba ya raguwa, ƙaruwa ma yake yi da sulfat ɗin da kuka zuba, kuma ruwa mai gishiri yana kashe ƙasar lambu a hankali. Ƙarafa masu nauyi ba sa ƙonewa, sai dai su kwanta cikin laka. Akwai kuma dangin sinadaran da ake kira PFAS, na kumfar kashe gobara da kayan da ruwa ba ya jiƙa su, waɗanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta sa wasunsu a jerin haramci a 2009 da 2019. Haɗin kabon da fulorin da ke jikinsu ya fi ƙarfin hidroksil.

Abu ɗaya ya fi damuna a yankinmu, shi ne kurom, wani ƙarfe mai nauyi. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, wannan ba matsala. Amma inda ake jima ta zamani, da gishirin kurom ake yi, kuma yankakken fata da lakar wurin sukan ƙare a juji. Nau'in kurom da ake kira mai daraja uku, wanda ke cikin fatar, lafiyarsa ƙalau in an bar shi, yana kwanciya. In ya gamu da mai ƙona abu mai ƙarfi, musamman ragowar ruwan oksijene bayan an ɗaga pH, yana iya komawa mai daraja shida, wanda ke narkewa ya bi ruwa kuma yana jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kurom a ruwan sha a miligiram 0.05 a lita. Duk wanda ke aiki kusa da garin da ake sana'ar fata, irin Marwa, ya auna kurom kafin magani da bayansa.

Sai laka. Bayan awa ɗaya ko biyu ana juyawa, za a zuba farar ƙasa, wadda masu gini ke ce wa sho, a mayar da pH tsakanin 7 da 8. Duk ƙarfen da kuka zuba zai fito ya zama jar laka mai laushi ya kwanta. Wani kaso mai yawa na raguwar DCO da za ku gani, lakar ce ta kama dattin ta sauka da shi, bai ƙone ba. Saboda haka lakar ita ce sabon mazaunin dafin. A shanya ta a daɓen siminti, a binne ta a ramin da aka shimfiɗa wa roba a saman juji inda ruwa ba ya kwanciya. Kada wani ya ga ja ya ce taki ne.

Ga yadda zan jera aikin in ni ne a kujerarka. Kafin komai, rage ruwan da ke shiga. Garwa tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara. A kan hekta ɗaya wannan lita miliyan 10 ce, duro 50,000. Duk ɗigon da ka kore kafin ya taɓa shara, ɗigo ne da ba za ka saya wa magani ba. A haƙa lambatu a kewaye juji ta sama don ruwan gangare ya zagaye. Ɓangaren da aka daina zuba wa shara a rufe shi da ƙasa mai yumɓu, a yi masa doro kamar rufin soro, a shuka ciyawa. Aikin tifa da shebur ne, kuma ya fi kowane sinadari riba.

Na biyu, rana. Abin da zafin ƙasar nan ke iya shanyewa daga buɗaɗɗen ruwa a shekara ya kusa ninka abin da sama ke zubarwa a Garwa, a Njamena kuwa, inda ruwan saman bai fi milimita 500 zuwa 600 ba, ya ninka sau da yawa. Muna da wata shida zuwa takwas na rani. Faffaɗan tafki marar zurfi, da aka shimfiɗa wa robar da ba ta yoyo, yana iya riƙe ruwan damina ya miƙa wa iskar hunturu da zafin Maris da Afrilu. A ƙananan jujuna da yawa wannan kaɗai ya wadatar, ba sai an sallami ko lita ɗaya waje ba. Ina jaddada shimfiɗar. Kada ku dogara da cewa ƙasar wurin laka ce irin ta karal da ake dasa masakwa. Ka ga yadda take tsattsagewa da rani har hannu ya shiga. Ruwan farko na damina, wanda shi ne mafi kauri da dafi, ta waɗannan tsagogin yake zurarewa kafin lakar ta kumbura ta rufe.

Na uku, abin da rana ta kasa ɗauka a ba shi iska. Tafki mai injin kaɗa ruwa, ko a riƙa feso shi a kan tulin tsakuwa yana gangarowa. Wasu ƙananan halittu za su zauna a jikin tsakuwar su mayar da amoniya nitrat. Ga wani alheri da ba kowa ke lura da shi ba: duk miligiram ɗaya na amoniyar da suka juya yana cinye wajen miligiram 7 na kanwar cikin ruwan. Ke nan suna yi muku aikin asid kyauta. Sai dai a bar su su gama, domin in aikin ya tsaya a rabi ya bar nitrit, shi ma yana shan ruwan oksijene.

Na huɗu, a kwantar da baƙin da gishirin ƙarfe mai kulorin ko da alif, kamar yadda ake yi wa ruwan kogi, a pH wajen 5. Asid humik yana saurin bin wannan hanya. Kada ka sa garin ƙwayar zogale a nan. Yana da kyau a ruwan randa, amma shi kansa abu ne mai ruɓewa, zai ƙara maka DCO. Bayan wannan ne Fenton ke shigowa, a tankin roba ko na siminti mai shafe, tanki-tanki, ba a buɗaɗɗen tafki ba. Daga nan ruwan ya bi ta fadamar da aka gina da tsakuwa aka shuka jema ko kacalla, inda ƙananan asid ɗin nan za su zama abincin masu mayar da nitrat iska.

Akwai gyara ɗaya da nake fatan wani daga cikin ɗalibanmu na ENSAI, makarantar kimiyyar masana'antun noma, a Jami'ar Ngaundere ko na makarantar injiniyoyi ta Jami'ar Marwa zai riƙe da gaske. Na ce ƙarfe yana dawowa kamarsa ta farko a hankali, wannan jinkiri shi ke sa a zuba ƙarfe da yawa. Hasken rana yana gaggauta dawowar, har ya haifi ƙarin hidroksil a hanya. Ke nan ƙarfe kaɗan, laka kaɗan, kuma ƙananan asid ɗin da ke gagara a duhu suna farfashewa a haske. A cibiyar binciken hasken rana da ke Almeriya a kudancin Sifen an shafe shekaru ana wannan aiki da bututun gilashi da madubai, ana kuma gwada shi a ɗan kwalbati marar zurfi da ruwa ke zagayawa a ciki. Ranar da suke taƙama da ita ba ta kai tamu ba. Sharaɗi biyu ne. Haske ba ya ratsa baƙin ruwa, shi ya sa kwantar da launi ke zuwa da farko, kuma zurfin kada ya wuce taƙi ɗaya. Sannan in zafin ruwan ya haura digiri 45 zuwa 50, maganin yana watsewa da kansa, don haka a watan Afrilu aikin safe ne. An kuma gwada jar marmara a ɗakunan gwaji a madadin gishirin ƙarfe, tunda ƙarfe ne ya ba ta janta. Tana aiki, amma a hankali, kuma marmarar wani wuri ba ta zama daidai da ta wani ba. Abin gwadawa ne a bokiti, bai kai a gina kasafin kuɗi a kansa ba.

Ozon yana kashe launi da kyau, kuma ba ya barin laka. Amma a wurin ake ƙera shi da lantarki mai yawa da busasshiyar iska mai tsafta, mu kuwa ka san halin wutarmu in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, ka san ƙurar hunturu. Hanyar lantarki kai tsaye tana cin amoniya, amma a ruwa mai gishiri tana barin kulorat da makamantansa. Abin da zan roƙe ka da babbar murya shi ne kada kowa ya ce a zuba ruwan jabel, wato bilic na wanki mai kulorin, don ya fi arha. Zai hasken ruwan, ido ya gamsu, amma kulorin in ya haɗu da asid humik yana haifar da kulorofom da danginsa, ka kashe kuɗi ka ƙera sabon dafi.

Kafin a sa hannu a kowace takardar ciniki, ka ce ɗan kasuwar ya ba ka lita ɗaya ta maganin da kilo ɗaya na gishirin. Ka jera kwalabe shida na lita ɗaya a inuwa, a waje. Ka saukar da pH na kowace zuwa 3, kana rubuta yawan asid ɗin da ta sha, don wannan lambar rabin kasafinka ce. Ka narkar da ƙarfe tukuna, sannan ka zuba ruwan oksijene kashi uku ko huɗu, da tazarar minti goma sha biyar. In ka zuba duka a tashi ɗaya, rarar maganin ita ma tana cinye hidroksil, ga zafi ga kumfa. Ka bambanta awon daga kwalba zuwa kwalba, ɗaya kuma ka sa mata ƙarfe kaɗai ba magani, ita za ta nuna maka nawa ne aikin laka nawa ne aikin ƙonewa. Bayan awa biyu ka ɗaga pH, ka bari ya kwana, ka tsiyaye na sama. Ka tabbata ba ragowar maganin a ciki kafin a auna, akwai 'yar takardar gwaji ta wannan, domin ragowarsa tana ɗaga lambar DCO ta ƙarya, tana kuma kashe halittun gwajin DBO5. Abin da aka saba gani a tsohon ruwan juji shi ne DCO ya ragu da rabi zuwa kashi uku cikin huɗu. Wanda ya yi maka alkawarin ɗari bisa ɗari, ka ce ya nuna a kwalba. Ka maimaita gwajin da ruwan farkon damina da na Satumba, ba ɗaya suke ba.

In har ta kai ga saye, mai kashi 50 ba irin na miki ba ne. Yana farar da fata nan take, yana makantarwa, in ya zuba a kan tsumma ko katako ko buhu yana iya tada wuta. A ajiye shi a inuwa mai iska, cikin duronsa na roba mai murfin numfashi, nesa da gishirin ƙarfe da man inji. Ƙusa ɗaya mai tsatsa in ta faɗa ciki tana iya sa duron ya kumbura ya fashe. Abin da aka ɗiba ba a mayar da shi. Asid kuma shi ake zubawa a ruwa, ba a zuba masa ruwa. Leburorin da za su yi aikin a ba su tabarau da safar hannu da takalmin roba, a ajiye duron ruwa mai tsafta a buɗe kusa da su, kuma kada a sayi na shekara guda a ajiye, zafinmu yana rage masa ƙarfi.

Su kuma masu lambun da ke ƙasan kwarin, kada a jira duk wannan ya kammala. Tun wannan makon a zauna da su da mai unguwa, a nuna musu takardar gwajin, a roƙe su su daina jan baƙin ruwan zuwa kan latas da albasa, ko da sun ga ganye yana yin kore shar saboda amoniyar. A ɗebi ruwan rijiyoyi uku ko huɗu mafi kusa a auna nitrat, wanda iyakarsa miligiram 50 ce a lita, da darma, wadda iyakarta 0.01 ce, da gishiri da ƙwayoyin cutar gudawa. Dokar muhalli ta 96/12 ta 5 ga Agusta 1996 tana bayanka in ka nemi a ware kuɗin wannan awo. In sakamakon rijiyoyin ya fito, ka turo mini shi tare da faɗin jujin da tafkin, da yawan asid ɗin da kwalba ɗaya ta sha, mu lissafa girman tafkin shanya da kuke buƙata kafin ruwan Mayu ya sauka.